Wuƙar Kaka da sojan aro

Kakata ba ta yi mako guda a gidanmu na unguwar Gudu ba sai da ta cire wa dokina kai. Dokin roba ne, ɗan ƙarami, fari, wanda Baba ya saya mini a hannun masu talla a bakin titi. Na dawo daga makaranta na tarar da shi tsaye a kan taga da ƙafafunsa huɗu cif, wuyan a yanke sumul kamar yadda take yanka kuɓewa. A gefensa 'yar bebin ƙanwata ce zaune cikin rigarta mai ruwan hoda, ita ma daga kafaɗa zuwa sama babu komai.

Mahaifiyar Baba ce. Daga ƙauye aka ɗauko ta saboda yanar ido ta rufe mata gani, aka ba ta ranar aiki a asibiti a Gwagwalada, sai aka ce ta zauna da mu kafin lokacin ya yi. Haske da duhu kawai take bambancewa, in mutum ya gifta ta gabanta inuwa take gani. Amma hannunta ba abin da yake ɓuyar masa. Tana lalube a bayan kujera ko cikin kwandon wanki, da zarar yatsunta sun ji hanci da ido a jikin wani abu, sai ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar wuƙarta.

Na je mata da doki a hannu, ina huci. Lokacin ina ɗan shekara goma, kuma ina jin kaina.

Ta ce, "Maigida, daga dawowa sai faɗa? Ko cefane ba ka ajiye ba." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Na ce me dokina ya yi mata. Ta ce bai yi mata komai ba, amma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da aka ajiye siffar abu mai rai, ita kuwa a ɗakin nan take salla. Wanda ya ƙera irin wannan, in ji ta, ranar gobe za a ce ya busa masa rai, ba kuwa zai iya ba. In an cire kai shi ke nan, ya zama roba kawai, in yi ta wasana.

Umma ba ta ce uffan ba, suruka ce. Baba ya ce ai gyara aka yi mana. Ni kuma tun ina yaro ba na iya barin magana a inda aka ajiye ta, sai na bi ta da tambaya. Saniyar da ke jikin gwangwanin madara fa? Ta ce wannan a shafe take, ba ta da inuwa. Motata fa, ai fitilunta kamar ido suke? Ta ce mota ko babbarta ba ta numfashi. To kifin roba da ba a san inda wuyansa ya fara ba? Ta ce in kawo shi ta nuna mini. Ban kawo ba, na kai shi makaranta na bar shi a can.

Ikon Kaka a bakin ƙofarmu ya tsaya, ita ma ta san haka. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, kowa da 'yar barandarsa. Ɗaki na uku daga namu wasu mutanen Filato ne, Kiristoci, kuma ɗansu shi ne babban abokina, ajinmu ɗaya. Mahaifiyarsa, wadda duk yaran gidan muke kira Mami, gwanjon kayan wasan yara take sayarwa a kasuwar Gudu. Dila guda take sarowa a ɗaure, ba ta san abin da ke ciki ba sai ta yanke igiya a tsakar gida. Ranar buɗe dila ko an aike ni sai na san yadda na yi na maƙale. Yawancin masu amfani da batir a mace suke zuwa, gidan batir ɗin duk ya yi tsatsa. Mami takan ɗiga ruwan lemon tsami, ta goge da samfefa, ta shanya a rana, sannan ta kwance batir biyu da take ƙullewa a bakin zani ta gwada. Wanda ya yi kuka ko ya motsa ta ware shi gefe. A kasuwa ma da waɗannan biyun take nuna wa mai saye cewa abu yana aiki, in an gama ciniki ta zare abinta. Tana kiran aikin nan tayar da su. Ni kuwa duk lokacin da wani karen roba ya yi haushi bayan ya sha lemon tsami, sai in ƙara matsowa in ƙura masa ido.

Wata Asabar bayan la'asar aka kawo wuta, abokina ya leƙo ya ce babansa ya sayo sabon faifai. Umma ta tafi barka tare da ƙanwata, Kaka ce kaɗai a ɗaki, kuma an ce kada in bar ta. Mami ta ji muna ta ƙus-ƙus a ƙofa, ta zo da kanta.

Ta ce, "Mama, ki zo ki zauna da mu mana. Zaman kaɗai ba shi da kyau. Yaron nan zai gaya miki abin da yake faruwa."

Na ɗauka Kaka za ta ƙi. Sai ta ce in miƙo mata mayafinta. Aka shimfiɗa mata tabarma daga bakin ƙofa, rabin jikinta a baranda, ni kuma na zauna a gefenta na zama idonta.

Ban san sunan fim ɗin ba har yau, irin faifan nan ne da ake cusa finafinai da yawa a ciki. Wani ƙaton jirgin ruwa ne cike da kwantenoni yake tafiya a tsakiyar teku. Sai wani dutse mai koren wuta ya faɗo daga sama ya huda benen jirgin, hayaƙinsa ya bi ta ƙofofin kwantenonin, waɗanda duk kayan wasan yara ne a ciki. Duk abin da ke da ido biyu ya farka. Na ƙarfe suka haɗa runduna, suna so su karkatar da jirgin zuwa wani birni su ƙwace tashar lantarki, don batir ɗinsu yana ƙarewa. Na tsumma da na roba suka ce ba za a jefa matuƙan jirgi a ruwa suna kallo ba. Daga nan fa sai yaƙi. Ƙananan jirage suna shawagi tsakanin igiyoyi suna harba ƙusoshi, wani zomon tsumma ya ɗaure ashana a baya yana bin bututu, sojojin ƙarfe suna fitar da wuta ta ido suna narka ƙofa.

Ina kallo ina fassara, bakina ba ya cim ma idona. Kaka kuwa ba ta bar ni na huta ba.

"Masu ido kawai ka ce suka tashi?"

Na ce e.

Ta ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin na san ma'anarsa, wato ga maganarta ta fito har a bakin Turawa.

Can ta ce, "Suna cin abinci?" Na ce batir suke ci. "Suna barci?" Na ce ban ga alama ba. "To in an kashe ɗaya, ina ransa yake zuwa?" Mami ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Mama, wannan tambaya ya fi ƙarfin yaro, sai fasto ko malam." Kaka ba ta yi dariya ba, da gaske take son ta sani, kuma na lura ta matso har gwiwarta ta shige cikin ɗakin.

Ana tsakiyar yaƙin aka fille wa wani ɗan sojan roba kai, kan ya gangara ya faɗa ƙarƙashin wani injin. Gangar jikin ba ta faɗi ba. Ta miƙe, ta miƙa hannu biyu gaba, tana bin bango tana lalube, ta yi karo da bokiti, ta juya ta sake bin wani bangon. Don a ba da dariya aka yi wurin, mu kuwa muka ba da haɗin kai, har abokina yana birgima. Na faɗa wa Kaka ina haki, har ina kwaikwayon yadda yake yi da hannu, na manta ba ta gani.

Ta ce, "Yana ta nema?"

Na ce yana ta nema, ga kan can a bayansa amma ya nufi gaba.

Ba ta sake tambayar komai ba. Jim kaɗan aka ɗauke wuta, jirgin yana dab da birnin, kowa ya yi tsaki. Na riƙe hannunta muka koma ɗaki.

Ni da abokina ba mu bar maganar a nan ba. A bayan gida, wajen tankin ruwa, muka zauna muna lissafi. Ba mu yarda dutse zai faɗo a Gudu ba, amma kayan dilar Mami ai ta jirgin ruwa suke zuwa, wa ya san abin da ya same su a hanya? Wataƙila suna motsi in ba kowa, mu ne dai ba mu taɓa kamawa ba. A dilar makon nan akwai wani sojan ƙarfe mai ruwan toka, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. In an danna ƙirjinsa idanunsa su kama da jar wuta, ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda zai tashi a cikinsu, shi ne. Ɗakinsu abokina ba wurin gwaji, ƙannensa uku ba sa barin komai ya zauna. Ƙarƙashin gadonmu kuwa ba mai leƙawa.

Matsalar ita ce sojan yana da mai shi. Wata mata daga rukunin gidajen da ke bayan kasuwa ta riga ta zaɓe shi don bikin zagayowar haihuwar ɗanta, ranar Litinin za ta zo ta karɓa. Duk da haka abokina ya zaro shi daga buhu, ya haɗa da batir biyun nan da Mami ta kwance ta ajiye a kan firji saboda gobe Lahadi ba kasuwa. Ya miƙo mini a cikin baƙar leda, bai saki ba sai da ya ce, "Ka ga, idan Kakanka ya taɓa wannan abu, ni na mutu. Mami zai kashe ni, kuma ba zan ƙara yi maka magana ba." Na rantse masa ba abin da zai samu kan sojan nan.

Dabarar tawa ce, kuma har yanzu ina ganin ba ta da laifi. Da safe kafin in tafi Islamiyya na ɗebi fulawar Umma a kofi, na shiga ƙarƙashin gado na barbaɗa ta a siminti, na baje ta da murfin littafi, na tsayar da sojan a tsakiya. In ya taka ko sau ɗaya ne, sawunsa zai nuna. A makaranta ranar ban san abin da aka karanta ba, bakina yana bin na sauran yara, hankalina yana ƙarƙashin gado.

Da aka tashe mu kafin azahar na zo da gudu, na wuce ta ƙofar baya, na kwanta rub da ciki na ɗaga zanin gado. Babu soja. Fulawar duk ta tarwatse, ga wani dogon jan layi ya fito daga tsakiya har bakin gado. Ba zan ɓoye ba, tsoro bai zo mini da farko ba, murna ce ta zo, irin wadda ban ƙara jin kamarta ba. Na ce ashe gaskiya ne, ashe suna tashi. Na bi farin gari da ido, ya bi ta gefen akwati, ya fita ƙofar falo.

A falo Kaka tana zaune a kan tabarmarta, hannun damanta fari fat har gwiwa. Sojan yana kwance a cinyarta. Wuƙar tana gefenta a buɗe.

Ta ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya zubar da abinci a ƙasa? Takalmina nake nema na ji hannuna cikin gari."

Na durƙusa a gabanta, idona a kan wuƙa. Na ce ni ne, zan share, zan kuma faɗa wa Umma da bakina, amma don Allah sojan nan ba nawa ba ne. Na faɗa mata na waye, da matar da za ta zo gobe, da rantsuwar da na yi.

Ta ce, "Ba naka ba ne, amma a ɗakina ya kwana. Na yi asuba da shi a ƙarƙashin gado."

Yatsunta suna ta yawo a wuyan sojan, na ga ta riga ta gano inda roba ta haɗa kai da jiki, wurin da wuƙa za ta shiga ba wahala.

"Garin kuma na mene ne?"

Na yi mata bayanin gwajin. Na zaci faɗa zai ƙaru, sai na ga ta karkato kai.

"To, ya taka?"

Na ce, "Ina zan sani, Kaka? Ke kika ɓata shaidar da hannunki."

Ta ce, "Ka ji mini mutum. Da ka faɗa mini ai da na tsare maka ƙofa."

Tana cikin juya shi babban yatsanta ya danna ƙirjin. Idanun suka kama, ƙafafun suka fara harbin iska a cinyarta, yana wani ƙara ƙir-ƙir. Na tabbata za ta yi jifa da shi ta kama salati. Ba ta yi ba. Ta ɗago shi a hankali har ya kusa taɓa hancinta, ta tsaya haka. Jar wutar tana haska farin da ya rufe ƙwayar idonta.

Ta ce, "Maigida, ja ne?"

Na ce ja ne.

"Guda biyu?"

Na ce biyu.

Ta ce, "Na gan su. Ga ɗaya, ga ɗaya." Ta nuna kowanne da yatsa, kuma daidai ta nuna. Ta ce rabonta da ta ga launin wani abu ta kira sunansa tun kafin a haifi ƙanwata. Wutar ta mutu da kanta, ta lalubi ƙirjin ta sake dannawa.

Can ta ce, "In an cire kan, wutar za ta ci gaba?"

Na ce a'a, wayar ta cikin wuya ta bi. Wannan na sani, na sha ganin Mami tana buɗe irinsa.

Ni dai ina durƙushe, ina jin maƙwabta suna dawowa daga coci, ana ta gaishe-gaishe a tsakar gida. Tausayinta ya kama ni, abin da ban taɓa ji ba, don ni a wurina Kaka mai wuƙa ce kawai. Amma tausayin bai hana ni auna tazarar da ke tsakanin hannuna da sojan ba, ko zan iya fizgewa in gudu.

Ta ce, "Ba zai ƙara minti ɗaya a ɗakin nan ba." Ta naɗe wuƙar ta ƙulle a bakin zani. "Kama ni mu je."

Muka fito, hannunta ɗaya a kafaɗata, ɗayan riƙe da soja. Mami tana baranda da ɗaurin ɗankwalinta na coci, tana cire takalmi. Abokina yana bayanta, da ya hango abin da ke hannun Kaka sai ya manne da bango.

Kaka ta ce, "'Yata, ga baƙonku ya yi ɓatan hanya ya shigo mana. Ki duba shi da kyau, da kansa na kawo shi."

Mami ta karɓa, ta juya shi, ta buɗe bayansa ta ga batir ɗinta. Ta waiga ta kalli ɗanta. "Kai. Zo nan."

Kaka ta ce, "Kada ki taɓa shi. Bincike suke yi shi da maigidana, ni na ɓata musu. In duka ne ki fara da ni."

Mami ta yi ƙwafa, ta nuna shi da yatsa alamar za su haɗu, amma na ga bakinta yana son yin dariya. Abokina ya kalli wuyan sojan, ya kalle ni, ya sauke numfashi. Na ɗauka an gama, na ja hannun Kaka mu koma. Ba ta motsa ba.

Ta ce, "Nan barandarki ce, ko? Ba ɗaki ba ne."

Mami ta ce baranda ce, Mama.

"To in ba takura, ba ni kujera in ɗan zauna. Ki ara mini shi kuma, a nan, ba zan kai shi ko'ina ba."

Mami ta riga ta sa farce za ta zare batir ɗinta. Ta dubi Kaka, ta dube ni. Na ce mata a hankali, tana ganin wutar idon. Sai ta mayar da murfin ta rufe, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta sa wa Kaka sojan a hannu, ta shige ciki ɗora girki.

Kaka ta zauna a barandar mutane, inda dokarta ba ta kai ba, tana dannawa tana kallo. In wutar ta mutu ta sake dannawa. Ta tashi ta yi azahar a ɗakinmu ta dawo. Yaran gidan suka taru suna kallon tsohuwar da ke yanke kawuna tana wasa da soja, suka gaji suka watse. Ni da abokina muka zauna a ƙasa kusa da ita muna gardamar ko layin da na gani a fulawa duk na hannunta ne, ko akwai ɗan sawu a ciki kafin ta zo. Har yau ban da tabbas, kuma shi ma bai da shi.

Batir ɗin dama sun sha aiki a kasuwa. Wajen la'asar ƙafafun sojan suka fara nauyi, ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa, jan idon yana raguwa kaɗan-kaɗan. Mu mun ga haka ba mu damu ba. Sai na lura Kaka tana ƙara matso da shi fuskarta, tana murza ido da bayan hannu, tana sake dubawa. Ta daina dannawa. Ta lalubo kafaɗata ta riƙe da ƙarfi.

Ta ce, ƙasa-ƙasa yadda Mami ba za ta ji ba, "Maigida, faɗa mini gaskiya. Shi ne yake dushewa, ko ni ce?"

Na ce, "Shi ne, Kaka. Batir ne ya ƙare."

"Kai ma ka ga ya ragu?"

Na ce na gani, abokina ma ya ce ya gani.

Ta saki kafaɗata. Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa alhamdu lillahi. Sannan ta goge wa sojan garin fulawar da ya maƙale masa a wuya da gefen mayafinta, ta miƙa wa abokina, ta ce ya kai wa uwarsa.